Amsa ga malamin da ya tambaye ni kan hayaƙin gobarar dajin Kanada

Assalamu alaikum Malam,

A shirin rediyon da aka gayyace ni, ka bugo waya ka ce kai malamin firamare ne, ka tambaya: tunda tauraron ɗan'adam yana hango hayaƙin gobarar daji, me zai hana a dogara da hotonsa kaɗai wajen sanin ranar da za a hana yara fita wasa? Lokaci ya ƙure ban ba ka cikakkiyar amsa ba, abin kuma ya tsaya mini a rai.

Ranar 7 ga Yunin 2023 ina birnin New York. Da azahar sama ta rine ta koma ruwan goro, motoci suka kunna fitila, ƙaurin itace ya shigo har ɗaki. Wata maƙwabciyata mai asma ta jiƙa tawul ta toshe ƙasan ƙofarta. Wutar kuwa tana can lardin Kebek na Kanada, ɗaruruwan kilomita daga inda muke.

Tauraron ya ga wannan hayaƙi kafin ya iso, babu shakka. A lokacin, tauraron GOES-16 na Amurka, daga nisan kusan kilomita 36,000, yana aiko hoto duk bayan 'yan mintoci, har ka ga hayaƙin na tafiya kamar ruwa a kwari. Taurarin Terra da Aqua na hukumar NASA kuma a lokacin suna gano zafin wutar kanta. Sentinel-5P na Turai yana auna gurɓatacciyar iskar da wutar ke fitarwa. Ma'aikatan NOAA, hukumar Amurka mai kula da yanayi da teku, su zana iyakar hayaƙin, masu hasashen yanayi su haɗa da inda iska ta dosa, a gargaɗi jama'a. Wannan aiki ne babba, ba na raina shi.

Sai dai, Malam, daga sama yake leƙowa. Yana ganin yawan hayaƙin da ke tsakaninsa da ƙasa, amma da wuya hoton ya faɗa maka ko hayaƙin yana can sama ne ko ya sauko daidai hancin yaro. A ƙarshen wannan wata na Yuni hayaƙin ya tsallake tekun Atlantika ya kai Fotugal da Sifaniya. A hoto abin tsoro ne, amma yawancinsa ya wuce ta can sama, bai shaƙe mutane yadda ya yi mana ba. Abin da ke cutar da huhu ƙwayoyi ne ƙanana da ake kira PM2.5, waɗanda silin gashi ya fi su kauri kusan sau 30, kuma na'urar da ke ƙasa ce ke auna su daidai. Ga gajimare ma, idan ya tare, ya rufe wa tauraron ido.

Haka abin yake da hazon hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na Cadi, da ƙonan daji da rani. Hotunan na nuna su sarai, na'urorin ƙasa ne suka yi mana ƙaranci a garuruwanmu, wannan ne ke damuna.

Don haka ka duba hoton ka san abin da ke tafe. Idan kuma makarantarku za ta iya sayen ƙaramar na'urar auna iska, a ɗaura ta a inuwa a tsakar makaranta, nesa da janareta da murhun masu abinci, a riƙa duba ta kafin a kaɗa ƙararrawar tara.

Wassalam,
Ɗan'uwanka a New York