Rahoton kwamitin gyaran ɗakin kwamfuta na makarantarmu da ke Gadarif

Assalamu alaikum iyayenmu da ƴan'uwa. Aikin da kuka ɗora mana ya kammala, ga yadda ya gudana.

Da ginin muka fara. Kowa ya san halin baƙar lakar Gadarif, ta kumbura da damina, ta tsattsage da rani. Ita ta tsaga bangon gabas har hannu yana shiga. An tone gindinsa an zuba kankare, an yi sabon yaɓe, an sauya kwanon da ya yi tsatsa, an kuma sake wayoyin wuta. Duk wannan da gudummawar da kuka bayar bayan kakar riɗi aka yi shi, lissafin yana wajen ma'aji ga mai son dubawa.

Wadda ta hana mu barci ita ce kwamfutar ofis, mai aiki da babbar manhajar Ubuntu 22.04. Tana tsakiyar sabunta manhajoji wuta ta ɗauke, tun daga ranar ta ƙi tashi. A cikinta rajistar ɗalibai take, har da sunayen yaran da suka zo mana gudun hijira daga Khartum da Wad Madani tun da yaƙi ya ɓarke a 2023. Da wasu suka ce a goge ta a fara sabo, shugaban makaranta ya ce, "Ƴaƴana, ku yi haƙuri ku lallaɓa ta, amanar mutane ce a ciki." Mun ga gaskiyarsa, ga kuma tsadar data in za a sake sauko da komai.

Matashinmu da ya karanci kwamfuta ya tashe ta da filashi, ya fara kwafe takardun zuwa wani faifai, sannan ya shiga da chroot. Wannan tsohuwar dabara ce, tun 1979 take cikin babbar manhajar Unix: kana kan lafiyayyen tsari, ka mai da faifan da ya lalace ya zama tushenka, kamar wanda ƙofar gidansa ta maƙale ya shiga ta gidan maƙwabci ya buɗe ta daga ciki.

Shigar ba ta zo da sauƙi ba. Filashin farko na 32-bit ne, kwamfutar kuwa 64-bit, sai chroot ya ƙi buɗewa sam. Da aka sauya, dpkg, mai girka manhajoji, ya dinga tsayawa a hanya, saboda ba a ɗaura /dev da /proc da /sys a ciki ba, su ne kuwa hanyar da manhaja ke bi ta ga na'ura. Aka ɗaura su.

Sai apt, mai sauko da manhajoji, ya ce bai ga intanet ba, alhali a wajen chroot shafuka na buɗuwa lafiya lau. Nan muka shafe yamma guda, wayar ɗayanmu na jingine a taga inda sabis ya fi ƙarfi, har muna zargin layin. Ashe /etc/resolv.conf, fayil ɗin da ke nuna inda za a tambayi adireshin shafuka, a Ubuntu nuni kawai yake yi zuwa wani fayil a cikin /run, kuma cikin chroot babu kowa a wurin. Ma'ana, kwamfutar na da hanya amma ba ta da mai gaya mata adireshi. Ɗaura /run ya warware wannan. Ba mu gama hamdala ba apt ya sake ƙi, ya ce lokacin fayilolin ma'ajiyar manhajoji ta intanet bai yi ba tukuna. Yaron ya buga date, umarnin duba kwanan wata, sai ga agogo ya koma shekarun baya. Ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, shi ya mutu a kan allon kwamfutar. Abin da bai kai kuɗin shayi ba ya tsayar da mu, kuma a ganinmu ya kamata a riƙa duba shi kafin komai.

Da aka gyara agogon sai hanya ta miƙe. Ya ajiye ɗan fayil policy-rc.d mai mayar da lamba 101 don kada manhajojin da ake girkawa su yi ta ƙoƙarin tashi a cikin chroot, ya buga dpkg --configure -a, ya bi da apt --fix-broken install, ya sabunta initramfs da GRUB, masu tayar da kwamfuta idan an kunna ta. Ya cire wancan fayil, ya kwance abin da ya ɗaura, ya zare filashi. Bayan la'asar kwamfutar ta tashi da kanta, shugaban makaranta ya zauna ya buɗe rajista, ya bi sunayen da yatsa har ƙasa. Babu wanda ya ɓace.

Yanzu kwafin rajistar yana kan faifai biyu, ɗaya a ofis, ɗaya a gidan ma'aji, kuma an rubuta matakan nan a littafi an ajiye a durowa. Abu guda ya rage wanda kuɗin bai kai ba: na'urar riƙe wuta ta UPS. Har a same ta mun hana sabunta manhaja sai an haɗa kwamfutar da batirin solar masallaci. Mai niyyar taimakawa ya ga ma'aji ranar Juma'a bayan an sauko.