Ba a nazarin al'umma daga zaure

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci kan ilimin zamantakewa, wanda wasu ke ɗauka hirar teburin mai shayi ce aka kai jami'a. Fanni ne mai ƙa'ida. Tun a 1377 masanin tarihi Ibn Khaldun ya yi gargaɗi a littafinsa Muƙaddima cewa kada a gaskata labari sai an auna shi da yadda jama'a ke rayuwa. Sai a ƙarni na 19 Auguste Comte na Faransa ya raɗa wa fannin sunan da Turawa suka san shi da shi, wato "sociology".

Wannan awon ne ke kuɓuce wa ɗalibai da ƙungiyoyin da ke yawo da takardun tambayoyi a ƙasar Hausa. Namiji ya tsaya a zaure, ya tambayi maigida ko matarsa na aiki, a ce masa a'a, ya rubuta. Alhali tana soya ƙuli-ƙuli, yara na kai mata talla, tana zubin adashi duk mako. Masaniya 'yar Birtaniya Polly Hill, wadda ta yi nazari a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu kan wannan ɓoyayyen ciniki tun 1969. Maganin shi ne a tura mace ta shiga ciki, kuma tambayar ta zama "me kika sayar makon jiya?"

Haka ƙirgen 'ya'ya. Kunya kan sa uwa ta tsallake ɗan fari, don haka a bi haihuwa ɗaya bayan ɗaya. Dattijon da bai riƙe shekarunsa ba a tambaye shi ko ya yi aure kafin rasuwar Sardauna a 1966, ko kafin fitowar naira a 1973.

Kada a bar mai unguwa ya zaɓi gidajen da za a yi wa tambayoyi, don na kusa da shi zai nuna. A jera su duka. In 200 ne ana buƙatar 40, a ɗauki kowane na biyar. A kuma tantance tsakanin gida da tukunya, tunda ƙofa ɗaya kan ƙunshi magidanta da dama, kowa da girkinsa. Da rani samari sun tafi cirani, sai ƙauye ya fito a takarda tamkar na tsofaffi da mata. In kuwa mutane suka zaci tallafi za a raba, kowa zai ce ba shi da ko akuya, shi ya sa ake bayyana manufar binciken tun wajen gaisuwa.

Naka,
Mai karatu daga Zariya