Godiya ga Kafintocin Hanyar Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne a madadin wasu tsofaffin ɗaliban wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke cikin garin Katsina, domin mu gode a bainar jama'a ga shagon kafintocin nan na hanyar Ƙofar Marusa. Marigayi Baba Kafinta, kamar yadda muke kiransa, shi ya kafa shi, 'ya'yansa ke riƙe da shi yanzu. Bana mun yi karo-karo mun kai musu aikin bencina na aji biyu. Da babban ɗansa ya ji ko na wace makaranta ne, sai ya ce: "Yaya, ku biya kuɗin katako da ƙusa da fenti, ladan hannu mun yafe." Kafin a dawo hutu sun kawo kaya har bakin aji.

Wannan hali gado suka yi, kuma sai wanda ya zauna ajinmu zai san nauyinsa.

Mu 'yan UPE ne, shirin ilimin firamare kyauta da aka fara a 1976, wanda ya kwararo yara makaranta fiye da yadda aka shirya musu. Muna sakandare kuma, ranar 23 ga Satumba 1987, Janar Babangida ya cire Katsina daga Jihar Kaduna. Ma'aikata suka kwaso iyalansu suka dawo gida, gidan haya ya yi wuya, gari ya ƙara bazuwa bayan ganuwa. Kowane zango sai an shigo mana da sababbin fuskoki riƙe da takardar canjin makaranta, aji kuwa yana nan yadda yake.

Bencin mutum uku mu biyar muke hawa, na gefe da rabin jiki a waje. Wanda ya makara ya nemi bulo ko gwangwanin madara, ko ya ɗare taga ya tare wa mutane haske. Malamin lissafi in ya matsa baya don ya duba abin da ya rubuta a allo, sai ya taka ƙafar wani. Masu hali sukan yi wa ɗansu kujera, a rubuta sunansa da jan fenti, a ɗaure ta da sarƙa da kwaɗo a jikin ƙarfen taga. Duk da haka washegari sai an yi cigiya.

To benci da ake yi wa wannan hawan ba ya shekara. Idan ya karye, mu ake sa wa ɗauka a ka zuwa wurin Baba. Ba na manta yadda yake zare tsofaffin ƙusoshi, ya kwantar da su kan wani guntun ƙarfe yana miƙe su ɗaya bayan ɗaya da guduma, don kada ya ɗora mana kuɗin sababbi. Sannan ya ƙara katako a gicciye a ƙasa, abin da ba ya cikin ciniki. "Ai na san ku, ba ku uku za ku zauna ba," in ji shi. Yaron da ya zo da kuɗin da bai kai ba, sai ya ce, "Tafi da abinka ɗana, in Allah ya hore wa babanka ya kawo." Wasu iyayen sun kawo. Da yawa har yau shiru, kuma ban taɓa jin ya aika gidan kowa ba.

An dai samu sauƙi da makarantu masu bene da aka gina zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa daga 1999, ba mu musa ba. Sai dai gari bai tsaya ba, kuma da muka leƙa tsohon ajinmu mun tarar da yara a ƙasa, shi ya sa muka tashi.

Bencinan da suka kawo mana duk da wannan katakon na gicciye suka zo, ba tare da mun roƙa ba. Duk ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da ke da niyyar irin wannan aiki, muna ba ta shawara ta je can. Amma a je da wuri, don ba sa aiki da ɗanyen katako, ko ka matsa musu sai ya bushe.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa albarka a sana'ar 'ya'yansa.

Naku,
Wani tsohon ɗalibi,
Sabuwar Unguwa, Katsina