Wasiƙar Sabuwar Shekara Daga Lambun Hunturu

Leeds, Ingila
Alhamis, 1 ga Janairu, 2026

Zuwa ga Baba da Inna, da Yaya, da Auta, da dukkan mutanen gida.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan wasiƙa za ta same ku cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya sanyi, yaya aikin rani, yaya kuma gwiwar Inna? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Maiɗakina tana gaishe ku da girmamawa, jikokinku biyu ma suna gaida kakanninsu.

Na san ɗaya ga Janairu ba wani biki ba ne a gidanmu, domin lissafinmu na watan sama ne da na damina da rani, kuma yanzu muna cikin Rajab, azumi bai fi saura mako bakwai ba. Amma a ƙasar nan yau ranar hutu ce. Daren jiya an raba dare ana harba wuta sama, yau kuma gari ya yi tsit, kuma al'adarsu ce a irin wannan rana kowa ya ɗaura aniyar abin da zai gyara a rayuwarsa. Ban ga laifin aron wannan al'ada ba. Na zaɓi in rubuta a maimakon saƙon murya na WhatsApp, saboda ina so maganar ta zauna a hannunku, Auta ya karanta wa Baba da Inna, a kuma adana ta a tuna mini idan na yi sakaci.

Baba, labarin da zan fara ba ku shi ne na lambu. A nan hukumar gari tana da filaye da ta yanka ƙanana tana ba mazauna haya shekara-shekara don su noma abin miya, kuma tun 1908 doka ta ɗora wa hukumomin gari wannan nauyi. Cikakken fili yakan kai murabba'in mita 250, amma masu nema sun yi yawa, sai da na yi shekara uku a layi kafin a ba ni rabi. Sharaɗinsa shi ne abin da ka noma na cin gidanka ne, ba na kasuwa ba. Ku da kuke loda kwandunan tumatir zuwa Kwanar Gafan, daga can a wuce da su Legas, za ku ga filin bai kai na rainon irinku ba. Duk da haka, babu wani wuri a garin nan da hankalina yake kwanciya kamar can.

Da safen nan na je. Rana ba ta fito ba sai wajen ƙarfe takwas da rabi, kuma kafin ƙarfe huɗu na yamma za mu yi sallar Magariba, domin a wannan lokaci hasken yini bai wuce awa bakwai da rabi ba. Wannan ƙarancin haske ya fi sanyin kansa tsayar da shuka, don idan yini ya gaza awa goma, yawancin tsirrai sukan daina girma, su tsaya cik suna jira. Na tarar raɓa ta daskare a kan komai, ƙasa ta yi tauri har takalmi yana ƙara a kanta, ruwan da ke cikin bokiti ya yi fatar ƙanƙara da kaurin ɗan yatsa. An ma rufe famfon lambun tun farkon sanyi don kada bututu ya fashe, kuma babu wanda ya damu, saboda matsalar manomin nan a hunturu ita ce yadda zai rabu da ruwa. Ƙasata laka ce mai riƙe ruwa, dole na ɗaga kunya sama na haƙa magudana, alhali ku a can kuna sauke fangali ƙasa don ya tare ruwan da kuka sha wahalar jawowa. Na daɗe ina tunanin wannan bambanci.

Abin da yake tsaye a filin yanzu tun bazararsu aka shuka shi. Akwai kabejin hunturu, akwai wani ganye danginsa mai murɗaɗɗen baki da suke kira kel, wanda maiɗakina take yi mana miyar taushe da shi a madadin alayyafo. Akwai wata albasa mai dogon wuya da ba ta yin kai, jikinta da lawashinta ake ci, sai kuma wani farin karas da ake barinsa a ƙasa har sanyi ya dake shi. Dattijon da filinsa yake maƙwabtaka da nawa, wanda ya haura shekara saba'in, shi ya hana ni tone shi da wuri, ya ce in bari ƙanƙara ta sauka tukuna. Da na bi maganarsa na ɗanɗana, sai na ji zaƙi sosai, domin sanyi yana sa shukar ta mayar da garin da ta tara ya zama sukari, ta haka take kare kanta daga daskarewa. Kel ɗin ma haka yake, na bayan ƙanƙara ya fi daɗi. Abokan gabarmu kuwa su ne tantabarun daji, manya ƙwarai, waɗanda suke iya mayar da kabeji tsinke a kwana biyu idan ba a rufe shi da raga ba. Ranar da suka cinye mini layi guda raina ya ɓaci, sai na tuna hadisin da Baba yake yawan faɗa mana idan jan baki ya sauka a gero, cewa babu Musulmin da zai yi shuka tsuntsu ko mutum ko dabba su ci face an rubuta masa ladan sadaka. Na sa ragar dai, amma ɓacin ran ya tafi.

Tafarnuwa ce ta fi tsaya mini a rai, ita ce ma dalilin wannan wasiƙa. A shekarata ta farko na jira sai da gari ya yi ɗumi a watan Afrilu kafin na binne ta, don a ganina babu mai hankalin da zai sa iri a ƙasar da ke shirin daskarewa. Ta tsiro, ta yi ganye, amma da na tone sai na tarar da yawancinta dunƙule guda kamar ƙaramar albasa, ba ta rabu ƙwaya-ƙwaya ba. Dattijon ya bayyana mini cewa tafarnuwar ƙasar nan tana bukatar wata ɗaya zuwa biyu na sanyi mai tsanani tana cikin ƙasa kafin ta yarda ta rabu. Nan take na tuna alkamarku, yadda kuke gaggawar shuka ta a Nuwamba don ta sha hunturu, da yadda wanda ya makara zafin Maris yake riskar tasa kafin ido ya cika. Saboda haka a ƙarshen Oktoban da ya wuce na binne ƙwaya arba'in, tsini sama, taƙi guda tsakanin kowace biyu. Yau na durƙusa na ƙirga, talatin da bakwai sun huda ƙasa, kowace da ɗan koren tsiro mai tsini da bai fi tsawon yatsa ba, farar ƙanƙara a bakinsa. Ba za a tone su ba sai Yuli.

Ina durƙushe a wurin na yi wa kaina hisabi. Shekara shida ke nan da barina gida, kuma duk alkawarin da na yi muku na jingina shi da lokacin da abubuwa za su yi sauƙi. Na ce zan zo idan aiki ya lafa, na ce zan canza wa Baba injin ban ruwa idan kuɗi sun taru, na ce zan zaunar da yara su koyi Hausa idan sun ƙara wayo. Aiki bai lafa ba, Kawu ya rasu ban samu jana'izarsa ba, Allah ya jiƙansa da rahama, babbar jikarku kuma ta shiga shekara tara tana jin Hausa amma tana amsa mini da Turanci. Ba ku taɓa yi mini gori ba, wannan shirun naku kuma ya fi mini nauyi a kan faɗa. Ina neman gafararku, Baba da Inna.

Niyyar da na ɗaura bana ba ta da yawa, kuma kowace na sa mata rana. In Allah ya yarda za mu zo gida dukkanmu a watan Agusta, mu yi mako uku. Na so a ce Babbar Sallah ce, amma za ta faɗo a ƙarshen Mayu, lokacin da hutun makarantar yara bai wuce mako guda ba, shi ya sa na zaɓi dogon hutu. Tun kafin Kirsimeti na rubuta takardar neman hutu a wurin aiki, an kuma amince, don haka wannan karon maganar ta wuce ta baki. Ina so yaran su ga damina da idonsu, su ga dawa ta fi su tsawo, su tsaya a bakin kanal a nuna musu ruwan da ya taso daga Tiga.

Maganar inji kuwa, na san tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin fetur yake cinye ribar gonar fadama, wadda ruwan kanal ba ya kai mata. Daga albashin ƙarshen watan nan zan fara ware wani kaso kowane wata ina tura wa Yaya, ya ajiye shi daban, kada a taɓa shi ko don wata hidima, har ya isa sayen inji mai aiki da hasken rana kafin Oktoba, domin rani mai zuwa ya same ku da shi. Yaya, don Allah ka zagaya wurin waɗanda suka riga suka sa irinsa ka ga yadda yake jan ruwa a zurfin rijiya irin tamu, kada mu saya da ka. Na tuna shekarar 2016 da tsutsar nan da ake kira sharon ta cinye tumatir, yadda Baba ya tsaya a bakin gona bai ce uffan ba, washegari kuma ya fara gyaran wurin raino. Ban iya hana irin wannan annoba ba, amma nauyin mai ina iya ɗauke muku shi.

Ta ukun ita ce ta yara, kuma a lambun zan yi ta. Na yanke cewa daga ranar Asabar mai zuwa, da zarar mun shiga ƙofar lambu babu mai yin Turanci. Na ware wa kowannensu ɗan wuri. A watan Maris za mu yafa irin tumatir da attaruhu a ƙananan tukwane a bakin taga cikin ɗaki, domin ba a dasa su a waje sai ƙarshen Mayu idan tsoron ƙanƙara ya wuce. Alayyafo yana yi a bazararsu, na gwada bara ya ba mu miya. Kuɓewa ba ta jure iskar nan sai a ɗakin gilashi. Yakuwa kuma tana ba da ganye, amma sanyi yana kashe ta kafin ta yi zoɓo, saboda ba ta fure sai yini ya gajarta, kuma a nan gajartar yini tare take zuwa da ƙanƙara. Ganyen ma ya ishe mu. Ina so idan mun zo, ƙaramin ya iya gaya wa kakarsa da bakinsa abin da ya shuka da abin da tantabaru suka ci.

Inna, ina roƙon ki ɗebar mana irin alayyafonki da na yakuwa ki ajiye, sai na bincika abin da dokar shigo da iri ƙasar nan ta yarda da shi kafin mu taho. Baba, ku sa Auta ya rubuto mini yawan fangalin albasar da kuka dasa bana, da yadda alkama take, da ko hazo ya sauka sosai. Ku sa mu a addu'a Allah ya ba ni ikon cika abin da na rubuta, ya kai mu azumi lafiya. A gaida Gwaggo, da iyalan marigayi Kawu, da Liman, da maƙwabta baki ɗaya.

Wassalam.

Ɗanku mai neman albarkarku.