Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Sakataren NUC: A Sa Harsunanmu Cikin Sharuɗɗan Digirin Aikin Jarida

Zuwa ga Babban Sakataren Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa (NUC),
Maitama, Abuja.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, da addu'ar Allah ya taya ka riƙon wannan amana.

Ni editan labaran Hausa ne a wani gidan rediyo a nan Jos, na haura shekara 20 a bakin aiki. Ban taɓa tsayawa gaban aji a jami'a ba, amma duk shekara ana turo mana ɗaliban sashen aikin jarida su zo sanin makamar aiki, waɗanda muke ce wa 'yan aiti. Ni nake ba su aiki da safe, ni nake duba abin da suka rubuta, ni kuma nake sa hannu a littafinsu ranar Juma'a. Abin da jami'o'i suka dafa, mu ne muke fara ɗanɗanawa. Shi ya sa na ga ina da bakin magana a kan kwasa-kwasan da ake wajabta wa yaro kafin a ba shi wannan digiri.

Bari in fara da abin da ya hana ni barci kwana biyu. An taɓa turo mana wata yarinya 'yar aji uku, mai ƙoƙari da ladabi, wadda Hausa ta tsotsa a nono. Turancinta kuwa ya fi nawa. Wata safiya aka yi hatsari a Hawan Kibo, sanarwa ta zo mana da Turanci, na ba ta ta fassara don labaran ƙarfe bakwai. Sanarwar ta yi amfani da kalmar "casualties", ta ce mutum 9. Yarinyar nan ta rubuta cewa mutum 9 sun mutu. Alhali biyu ne suka rasu, sauran bakwai ɗin suna asibiti da ransu. Kalmar ta haɗa matattu da masu rauni, amma ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya nuna mata cewa Hausa ba ta da kalma guda da ke ɗaukar wannan kaya, dole sai an rarrabe. Saura minti biyar mai karanta labarai ya shiga situdiyo na kama kuskuren. Na ja layi da jan biro, na gyara, takardar ta shiga.

Ranka ya daɗe, ka san hanyar nan. Duk wanda ya taso daga Jos zuwa Abuja ta Akwanga sai ya gangara ta. A wannan safiya akwai uwar da ta raka ɗanta tasha da asuba, ta dawo ta kunna rediyo tana ɗora koko. Abin da za mu gaya mata ke nan. Wannan ma hatsarin mota ne. Mu da muka ga rikice-rikicen Satumban 2001 da Nuwamban 2008 da Janairun 2010 a garin nan mun san abin da adadi guda ke iya haifarwa idan ya fita daga bakin rediyo ba daidai ba.

Da na kira ta ofis, sai ta fashe da kuka. Ta ce, "Wallahi Malam, tunda na shiga jami'a ba a taɓa cewa in rubuta ko layi ɗaya da Hausa ba." Na karɓi takardar rajistar kwasa-kwasanta na shekara uku na duba. Akwai ka'idojin sadarwa, akwai tarihin kafafen yaɗa labarai, akwai dokoki da ladubban aiki, akwai rubuta labari, akwai hanyoyin bincike. Duk ilimi ne mai amfani, ba na raina ko ɗaya. Sai dai kowanne da Turanci aka koyar, da Turanci aka yi jarrabawa. Tun daga ranar nake neman wannan takarda wurin duk ɗalibin da ya zo hannuna, kuma abin da na fi gani ke nan.

Ba fassarar kalma kaɗai ba ce matsalar. Yaro ya karanta dokar ɓata suna ya ci jarrabawa, ya san cewa da Turanci ba a kiran mutum ɓarawo sai kotu ta tabbatar. Amma da ya juyo Hausa sai "wanda ake zargi" ya faɗi a hanya, ya rubuta "ɓarawon da aka kama", domin haka ake faɗi a majalisar unguwa, shi kuma Hausar majalisa kaɗai ya sani. Lauya ba zai yi mana sassauci don labarin da Hausa ya fita ba. Ga kuma rubutun kansa. Ba sa bambanta kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, ko kasa da ƙasa. Yanzu da kowace tasha ke da shafin Facebook, kuskuren da da iska ke tafiya da shi ya zama rubutacce, kowa na gani. Har sunan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo na sha ganin ɗalibi ya rubuta "Tafi" a haɗe, ya mayar da fifiko ya zama tafiya.

Abin da ke ci min rai shi ne, aikin jarida a ƙasar nan ba da Turanci ya fara ba. Jaridar farko, Iwe Irohin, wadda Henry Townsend ya kafa a Abeokuta a 1859, da Yarabanci ta fara fita. A Zariya, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta soma a 1939 da Malam Abubakar Imam a kujerar edita, ta koya wa Arewa karanta labari da rubuto wasiƙa. Sashen Hausa na BBC yana magana tun 1957, Muryar Amurka ta buɗe nata a 1979, Rediyo Faransa ta biyo baya a 2007. BBC ta ƙaro Fijin, wato Turancin Buroka, a 2017, ta ƙaro Yarabanci da Ibo a 2018. Turawa da kuɗinsu suna neman wanda ya iya labari da harsunanmu, mu kuma muna yaye yaranmu ba tare da mun tambaye su ko sun iya ba. Ka dubi inda guraben aikin suke a Arewa: gidajen rediyon FM da suka cika Kano da Kaduna da Bauchi da Jos, tashar Arewa24, jaridar Aminiya, masana'antar Kannywood. Mafi yawan abin da ake ci a nan da Hausa ake nemansa.

Na san hukumarka ba ta zauna ba. A farkon 2020, zamanin Farfesa Abubakar Adamu Rasheed, aka sanar da rarraba digirin sadarwa zuwa fannoni bakwai: aikin jarida, watsa shirye-shirye, hulɗa da jama'a, tallace-tallace, fim, sadarwar raya al'umma, da nazarin bayanai da kafafen yaɗa su. A Disamban 2022 aka ƙaddamar da sabuwar manhaja ta CCMAS, inda hukuma ke tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, kowace jami'a ta cike sauran 30 da abin da ya dace da muhallinta. Na yi murna da wannan, har yanzu ina yi. Amma ka ɗauki fannonin nan ɗaya bayan ɗaya ka ga ko akwai wanda zai yi aiki a Arewa ba tare da harshen mutane ba. Mai tallar taki da wane harshe zai yi wa manomin dankali a Bokkos magana? Sadarwar raya al'umma kuwa, tarihinmu ya isa darasi. Lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano a 2003, ba sanarwar Turanci ce ta dawo da iyaye ba. Sarakuna ne da malamai da masu shela da shirye-shiryen rediyo, da harshen da mutane ke ji, shekara da shekaru, har aka ayyana Najeriya ta rabu da cutar a 2020.

Za a ce min ai ga kashi 30 nan, duk jami'ar da ke so ta sa. Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin yadda ake rabon yunit, wato ma'aunin nauyin kowane kwas, a taron sashe. Kowane malami yana kare kwas ɗinsa, wanda ba shi da uba a teburin shi ake sarewa, ko a mayar da shi na zaɓi. Ɗalibi kuma ba ya ɗaukar kwas ɗin zaɓi da zai wahalar da shi, sai wanda zai ɗaga masa maki. Abin da masu tantancewa na hukumarka ba za su tambaya ba idan sun zo, ba a saya masa littafi, ba a ɗaukar masa malami. Shi ya sa nake roƙo a sa wannan cikin kashi 70 ɗin. A cikin yunit 120 da ake nema wurin wanda ya shigo ta JAMB, a ware ko da 6 ne: kwas ɗaya a aji biyu na ƙa'idojin rubutu da fassarar labarai, ɗaya a aji uku na haɗa shiri da gabatar da shi, ɗaya a aji huɗu da ɗalibi zai fita ya ɗauko rahoto a kasuwa ko asibiti ko kotu ya kawo da muryarsa. Turancin GST, wato kwas ɗin bai-ɗaya na jami'a, wajibi ne ga kowa, wanda ya faɗi sai ya sake. Wannan ma ya zama haka.

A nan dole in yi magana a fili, domin daga Filato nake rubutu, kuma na san yadda zancen harshe ke da zafi. Ba ina cewa a ɗora wa kowa Hausa ba. Ɗalibi ya zaɓi harshen da zai yi aiki da shi: Berom, Ngas, Tarok, Mwaghavul, Tibi, Fulatanci, Kanuri, Yarabanci, Ibo, ko Fijin. Abokan aikina masu karanta labarai da harsunan jihar nan sun fi mu shan wahala, domin mu muna da ƙamus da littattafan ƙa'idoji a ko'ina, su kuwa kullum sai sun ƙirƙiro wa kansu kalmar "kasafin kuɗi" ko "kotun ɗaukaka ƙara". Da yawansu sun kusa ritaya, kuma ba su ga masu gadonsu ba.

Malamai fa? Akwai su. Jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da Maiduguri sun daɗe suna koyar da harsunan Najeriya, amma ɗaliban sashen jarida ba sa tsallakawa can. Ga tsofaffin ma'aikatan rediyo da suka yi shekara 35 suna fassara labari sau uku a rana, suna zaune a gida. Idan hukuma ta amince a ɗauke su koyarwa na wucin gadi ba tare da an tsaya neman digiri na uku a hannunsu ba, rabin matsalar ta kau.

Sai batun shiga. Jami'o'i da yawa suna neman kiredit a Adabin Turanci kafin su ɗauki yaro wannan fanni. Ban ƙi ba. Amma yaron da ya ci Hausa ko Yarabanci ko Ibo a WAEC ko NECO shi ma ya karanta waƙa da zube da wasan kwaikwayo, ya rubuta insha'i. Ina roƙon a duba yiwuwar karɓar wannan a madadin wancan, tunda kiredit a Turanci kansa yana nan daram a cikin sharuɗɗa.

Idan hukuma na son gwada abin kafin ta yaɗa, Jos ta dace. Kwalejin Talabijin ta NTA tana Rayfield, Hukumar Finafinai ta Najeriya da cibiyarta ta koyar da fim suna nan, hedikwatar ITF, hukumar da ke kula da shirin SIWES na tura ɗalibai sanin makamar aiki, tana nan, Jami'ar Jos tana nan, kuma da wuya ka sami garin da ake jin harsuna da yawa a tasha ɗaya kamar wannan. Ko ITF ta ƙara shafi ɗaya a littafin 'yan aiti, inda edita zai rubuta ko ɗalibi ya yi aiki da harshen gida da yadda ya yi, za ku sami bayanin da ba ku da shi yanzu.

Yarinyar da na ba ka labari ta ƙarasa watanninta a wurinmu. Kullum bayan labaran rana nakan ba ta sanarwa uku ta fassara, mu zauna mu bi layi-layi. Kafin ta koma makaranta ta karanta labaran yamma kai tsaye sau biyu, ba tuntuɓe. Ita ta yi sa'ar faɗowa teburin Hausa. 'Yan ajinsu da aka tura ma'aikatu suna haɗa takardu ba su sami wannan ba, kuma digiri iri ɗaya za a ba su.

Ina roƙon, idan lokacin bitar manhaja ya zo, a gayyato editocin harsunan gida su zauna tare da farfesoshi, ko na yini ɗaya ne. Na ajiye takardun fassarar ɗalibai na shekaru, da jan birona a kansu, na goge sunayen masu su. Duk ranar da aka neme su zan kawo Maitama da kaina.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya. Wassalam.

Naka,
Wani editan labaran Hausa,
Jos, Jihar Filato.