Tseren kwale-kwale a Guangzhou, abin da idona ya gani

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya ƙoƙari.

Kullum in za ku kawo mana labarin China sai dai bashi da layin dogo da kwantena, mutanen gari kuma in an ce China abin da ke zuwa musu a rai shi ne cin kare da maciji, shi ya sa na ce bari in ɗan rubuto abin da na gani. Ni ɗan kasuwa ne, ina zuwa Guangzhou saro yadi, a unguwar Xiaobei nake sauka inda 'yan Afirka suka fi yawa. Wata tafiya na je na tarar masana'antu sun tafi hutu, raina ya ɓaci sosai don kuɗin otal na ta tafiya, sai tafintana ya ce Alhaji tunda ba aiki zo mu je kallo.

Bikin Duanwu ake yi, ranar 5 ga wata na 5 a kalandarsu ta wata, yawanci yana faɗowa cikin Yuni. Asalinsa inji su wani mawaƙi ne kuma bafade mai suna Qu Yuan, da aka ci ƙasarsu da yaƙi baƙin ciki ya sa ya faɗa kogin Miluo a shekara ta 278 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutanen gari suka bazama da kwale-kwale nemansa, suna ta zuba shinkafa a ruwa wai don kifi ya ci ya ƙyale gawarsa. To daga nan tseren ya samo asali, abincin bikin ma haka.

Mun je Liede. Da ƙauye ne, yanzu benaye ne masu hawa talatin da wani abu sun kewaye ko'ina, amma rafin na nan, kuma wallahi abin da na gani ya ba ni mamaki. Kwale-kwale ne dogo siriri ya fi mita 30, an sassaƙa masa kai irin na dodon nan nasu da suke kira long, mutum sittin ko fi a ciki, ga ƙaton ganga a tsakiya mutum biyu na duka, ga tutoci da laima, duk bugu ɗaya sai ka ga filafilai sun nutsa tare kaman hannu ɗaya ke riƙe da su. Nokawut kuwa ba a magana, hayaƙi har ya rufe ruwan, sai da na toshe kunne. Kuma ba duka tsere ba ne fa, yawanci ziyara ce, wannan ƙauye ya tuƙo jirginsa ya zo gaida wancan, a tarbe su da shayi da ɗan kek, su ma gobe su rama. Sai ya tuna min yawon sallah.

Tafintan ya nuna min wani dattijo da singileti duk ya jiƙe sharkaf, ya ce wannan gidajen hayarsa sun fi a ƙirga amma kalle shi yana tuƙi da yaran unguwa. Mutanen unguwar ke haɗa kuɗin, su ke ajiye jirgin, in an gama a binne shi cikin taɓon rafi don kar katakon ya tsage, baɗi a tono a wanke a sake fenti. Da yamma kuma a jera tebura a gidan kakanni kowa ya ci.

Abincin bikin sunansa zongzi, shinkafa ce mai danƙo a naɗe ta a ganyen gora a ɗaure da zare a dafa awanni, in ka gani sai ka rantse alalar ganye ce. Amma 'yan uwa masu zuwa a yi hattara, na mutanen Guangzhou yawanci da naman alade da gwaiduwar ƙwai mai gishiri a ciki. Ni sai da muka koma shagon Musulmi 'yan ƙabilar Hui na samu mai dabino na dangwala da sukari, ba laifi, sai dai yana da nauyi a ciki, guda ɗaya ta riƙe ni har isha'i.

UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wannan biki cikin kayan gadon duniya a 2009, namu na kamun kifi na Argungu ya shiga a 2016, hawan sallar Kano kuma a 2024, wato ba a fi mu abin nunawa ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne Argungu sai da aka yi kusan shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020, ana jiran gwamnati da zancen tsaro, tashe ma a unguwarmu yanzu sai ka yi azumi guda ba ka ji gangar yara ba. Su can ban ga wanda ya jira kasafin kuɗi ba, mai gidan haya da ɗan dako duk jirgi ɗaya suka shiga.

Don Allah Malam Edita in wata na biyar ɗin nasu ya zagayo ku sa wani daga ɗalibanmu da ke karatu a can ya ɗauko muku hotuna, ko shafi ɗaya ne ku ba shi.

Naku,
Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari, Kano