Rahoton Ayyukan Bana Daga Sakataren Ƙungiya

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Bari in fara da maganar da ba a son ji. Ko rabinmu ba su biya kuɗin wata ba. Na yi waya, na aika saƙo a WhatsApp, wasu har gida na same su, amsar ɗaya ce: "sai ƙarshen wata". To ga shekara ta ƙare. Don haka masu tambayar ina aka kwana da tafiyar Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a 1903, su sani ba sakacin kwamiti ba ne. Direba ba ya ɗaukar mutane zuwa jihar Gombe da alƙawari. Haka ɗan littafin Basasar Kano, rikicin Tukurawa da Yusufawa da ya ɓarke a 1893: an rubuta, an gyara, kuɗin bugawa ne babu.

An yi tarukan wata-wata kamar yadda aka saba.

Abin da ya wanke mana zuciya shi ne zagayen ganuwar Kano. Mun tashi da hantsi daga Ƙofar Na'isa, muka bi ta Gadon Ƙaya da Dukawuya, muka tsaya a Kabuga, wajen da sojojin Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka shiga birni a Fabrairun 1903, Sarki Alu kuwa yana can Sakkwato. Dattijonmu da ya jagorance mu, Allah Ya ƙara masa lafiya, ya faro tun daga Sarkin Kano Gijimasu da ya fara ginin, ya gangaro kan faɗaɗawar zamanin Rumfa. Ya nuna mana yadda ramin da aka haƙi ƙasar gini ya zama shi kansa kariya, domin doki bai isa ya tsallake shi ba. Da ya zo kan Sarki Kanajeji da shigowar lifidi da sulke da kwalkwali, yaran makarantar da suka biyo mu suka ƙi motsawa, sai tambaya. Wani ya ce, dokin ba ya jin zafi cikin lifidin? Ni kaina ban taɓa tunanin haka ba. Mun kuma ga inda aka kankare badala aka yi bulo, wani wurin ma an kafa shago a kai.

Abin mamaki, waɗanda ba su zo ba su ne suka fi neman hotuna.

Ma'aji zai karanta lissafi a taro mai zuwa. Wanda ake bi, don Allah ya zo da nasa a hannu.

Wassalam.
Sakatare